Yaran Da Ake Ɓoyewa A Ɗaki

A Chanchaga, kamar sauran garuruwanmu, akwai iyayen da ke ɓoye ɗansu domin ya shekara uku bai fara magana ba, ba ya amsa kira, ba ya haɗa ido da mutane, kullum sai maimaita motsi guda. Maƙwabta su ce aljanu ne, dangin miji su zargi uwa, dukiya ta ƙare wajen bokaye. Alhali tun 1943 likitoci suka bayyana wannan lalura ta galahanga, wadda tushenta ke cikin ginuwar ƙwaƙwalwa, kuma horo da wuri yana taimako ƙwarai. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja ta horar da malamai na musamman, iyaye kuwa su garzaya asibiti da 'ya'yansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.