Gwajin bitamin D: a bar likita ya rubuta, kada TikTok ta rubuta mana

Duk wanda ke leƙa TikTok ko WhatsApp kwanan nan ya ci karo da masu tallar ƙwayoyin bitamin D. Kasala, ciwon baya, zubewar gashi, rashin barci, duk an ɗora wa rashin bitamin D. A ƙasan bidiyon kuma ga lambar waya. Daga Yalwawa har cikin Jami'ar Tarayya ta Dutse, matasa sun fara kasuwa gida biyu: masu sayen ƙwaya kai tsaye, da masu tara kuɗi su tafi lab da kansu su ce a gwada su. Duka biyun akwai gyara.

Shi wannan gwaji jini ake ɗiba a auna wani sinadari mai suna 25-hydroxyvitamin D, wanda hanta ke sarrafawa daga bitamin ɗin da fata ta samar ko aka ci a abinci. Bisa ma'aunin da masana lafiya na Amurka suka fitar a 2011, ƙasa da nanogiram 12 a kowace mililita ƙaranci ne, nanogiram 20 kuma ya wadatar da akasarin mutane. Amma lamba a takarda ba ta magana ita kaɗai. Sai an haɗa ta da shekarunka, ciwonka da irin abincinka, wannan kuwa aikin likita ne. Shi ya sa a 2024 ƙungiyar Endocrine Society ta ba da shawarar kada a riƙa yi wa masu lafiya wannan gwaji haka kawai.

Mu nan gida muna da darasi. A 1999 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos kan yara masu laushin ƙashi da lanƙwashewar ƙafa. Sun gano cewa yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla samun sauƙi, domin abincinsu kalsiyam ya rasa. Ka ga da iyayen nan sun bi mai talla, da an sha ƙwaya ƙafa na nan a lanƙwashe.

Haka batun kasala yake. A Jigawa, mai yawan gajiya zai iya zama zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa, ko ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko kuma kwanan da yake yi yana danna waya. Ka kashe kuɗinka a gwajin bitamin D ka bar ainihin ciwon yana girma, ai an yi ba a yi ba.

Yawan ƙwayar ma haɗari ne. Bitamin D taruwa yake a kitsen jiki, fitsari ba ya wanke shi. Baligi na buƙatar IU 600 a rana, iyakar da aka amince da ita kuwa IU 4,000 ce. Mai shan ƙwayar IU 50,000 kullum ba da umarnin likita ba na iya tara kalsiyam a jini har ƙoda ta taɓu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kada kuma mu ce ranar Dutse ta wanke kowa. Baƙar fata na buƙatar rana fiye da farar fata, kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya samar da bitamin ɗin. Matan da ba su cika fita ba, tsofaffi, masu ciwon ƙoda ko hanta, da yaran da ƙafarsu ta fara lanƙwashewa, su ne ya kamata mu kai asibiti. A je Babban Asibitin Dutse ko na Rasheed Shekoni, in likita ya ga da buƙata zai rubuta gwajin ya faɗi inda za a yi, a dawo masa da sakamako.

Sauran mu kuwa, a sha hantsi, a ci ƙwai da kifi mai maiƙo, a ƙara da nono da zogale saboda ƙashi. Kafin ka tura wa 'yan gidanku bidiyon mai ƙwaya, tambayi kanka: wannan lafiyata yake nema ko kuɗina?