Me Ya Haɗa Manomin Gero Da Tekun Pasifik?

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da nake so mu duba tare kafin ruwan shuka ya sauka. Kowace shekara hukumar duba yanayi takan fitar da hasashen damina, amma da yawa cikinmu ba mu kula da shi ba. Waɗansu sukan ce ai aikin 'yan boko ne. Waɗansu masu bi kuma suna ganin kamar duba ne, abin da bai dace da Kirista ba. Ni kuwa ina ganin mun yi kuskure, kuskuren kuma yana jawo mana hasarar hatsi. Bari in fara da labarin waɗansu masunta na wata ƙasa mai nisa.

A yammacin Amurka ta Kudu akwai ƙasar da ake kira Peru, a bakin Tekun Pasifik. Wannan teku shi ne mafi girma a duniya, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarta. Ruwan gaɓar Peru mai sanyi ne, yana tasowa daga ƙarƙashin teku da abincin kifi mai yawa, don haka kifi ya yi albarka a wurin. Amma tun da daɗewa masuntan suka lura cewa wajen Kirsimati wani ruwa mai ɗumi yakan zo ya kori kifin. Saboda lokacin zuwansa suka sa masa suna El Ninyo, wato Ɗan Yaro a harshen Sifen, suna nufin jaririn nan Yesu. A yawancin shekaru ɗumin ba ya daɗewa. Amma bayan shekara 2 zuwa 7 yakan zo da ƙarfi, ya zauna wata tara ko shekara guda.

Ga yadda abin yake. In ka hura kunu a ƙwarya, saman kunun yakan tafi ɗaya gefen, na ƙasa ya taso a gabanka. Haka iska take yi wa wannan teku. Kullum tana busawa daga gabas zuwa yamma, tana tura ruwan sama mai ɗumi zuwa wajen Indonesiya da Ostareliya. Inda ruwa mai ɗumi ya taru kuwa, nan hadari yake haɗuwa, shi ya sa waɗannan ƙasashe suke da ruwan sama mai yawa, gaɓar Peru kuma hamada ce. A waɗansu shekaru iskar takan yi rauni, sai ruwan ɗumin ya komo gabas, hadarin ya biyo shi. Wannan shi ne El Ninyo. A waɗansu shekarun kuma iskar takan ƙara ƙarfi, gabashin tekun ya yi sanyi fiye da yadda aka saba. Wannan ana ce da shi La Ninya, wato 'Yar Yarinya. Da yake tekun yana da faɗi ƙwarai, in hadarinsa ya sake wuri, sai hanyoyin iska na duniya duka su karkace, ruwa ya ƙaru a nan, ya ragu a can.

Ba a rana ɗaya aka gane wannan ba. Bayan yunwar da aka yi a Indiya a 1899, wani Bature mai suna Gilbert Walker ya kama aikin shugabancin duba yanayi a can a 1904. Ya yi shekaru yana gwada lissafin ƙasashe dabam dabam, har ya ga nauyin iska a gabashin Pasifik da na yammacinsa suna yi kamar ma'auni, in ɗaya ya hau ɗayan ya sauka. Sai a 1969 wani masani, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa wannan hawa da sauka da ɗumin ruwan Peru abu ɗaya ne. A 1986 aka fara yin hasashen zuwan El Ninyo da kwamfuta, hasashen kuwa ya cika. Zuwa 1994 an girke na'urori kusan 70 a kan tekun, suna auna zafin ruwa da ƙarfin iska dare da rana.

Ɓarnar da abin yake yi ba ƙarama ba ce. A 1970 Peru ta kama kimanin tan miliyan 12 na wani ƙaramin kifi da ake niƙawa don abincin kaji da dabbobi. El Ninyo ya zo a 1972, ga kuma kamun da ya wuce kima, sai sana'ar ta rushe, kuɗin waken soya ya tashi a kasuwannin duniya. A 1983 ruwa ya yi ta zuba a hamadar arewacin Peru har ya kwashe gadoji, alhali Ostareliya tana ƙonewa da fari. A 1997 dazuzzukan Indonesiya suka kama wuta, Kenya da Somaliya kuma ambaliya ta cinye su. A 2016 mutum fiye da miliyan 10 a Habasha suka bukaci taimakon abinci. A 2024 Zambiya da Malawi da Zimbabuwe suka yi shelar bala'in fari, masarar da Zambiya ta girbe ba ta kai rabin ta shekarar da ta gabata ba. Ita ma La Ninya tana da tata. Ta zauna daga 2020 zuwa farkon 2023, a cikin wannan lokaci damina biyar a jere suka gaza a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya, dabbobi miliyoyi suka mutu.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu ta hanya biyu ne. Ta farko ita ce damina. Masana sun lura cewa a shekarun El Ninyo ruwa yakan ragu a ƙasashenmu na bakin hamada, a shekarun La Ninya kuma yakan yawaita. Dattawanmu ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, lokacin da shanu suka ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka bar garuruwansu. Ba su manta da na 1983 ba. Duka biyu sun zo tare da El Ninyo mai ƙarfi. A 2022 kuwa, shekarar La Ninya, ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Hanya ta biyu ita ce kasuwa. A watan Yuli na 2023, da El Ninyo ya kunno kai, Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta zuwa waje, sai kuɗin shinkafa ya tashi a duniya, ba ta janye hanin ba sai a 2024. Matar da ta je awo a kasuwar ƙauye ba ta taɓa ganin teku ba, amma tekun ya taɓa mudunta.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Ba Pasifik kaɗai yake juya daminarmu ba. Ruwan namu daga Tekun Atlantika iska take kawo shi, zafi ko sanyin wannan teku da na Tekun Indiya suna da nasu hannu. Farin 1984 ya fi na 1983 muni a wurare da yawa, alhali El Ninyo ya riga ya wuce. Saboda haka hasashe ba alkawari ba ne. Yana gaya mana inda ma'auni ya fi rinjaya ne kawai. Wani zai ce, in haka ne mene ne amfaninsa? Amsata ita ce, in ka ga hadari ya haɗu a gabas ba ka da tabbacin zai zuba a gidanka, duk da haka kakan kwashe shanya. In bai zuba ba, ba ka rasa kome ba sai ɗan wahala. In ya zuba kuwa, ka tsira da hatsinka.

Ga mai cewa sauraron hasashe rashin bangaskiya ne, ina roƙonsa ya sake tunani. Allah ne mai ba da ruwa, babu mai musun wannan. Amma shi ne kuma ya kafa wa teku da iska ƙa'idarsu, ya ba mutum hankalin lura da ita. Kakanninmu sukan duba zuwan shamuwa da tohon itatuwa su san damina ta kusa, ba wanda ya kira su bokaye. Mai auna zafin teku irin aikin nan yake yi da kayan da suka fi ido gani nesa. Mu tuna da Yusufu a Masar. Da aka sanar da shi shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, bai naɗe hannu ba. Ya sa aka tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa, da haka Masar ta rayu, har maƙwabta suka zo awo. Bangaskiyarsa ce ta sa shi gina rumbuna.

Manoman Peru ma sun koyi darasi bayan 1983. In an ce shekara za ta yi ruwa sukan ƙara shinkafa, in za ta bushe sukan koma auduga. Mu ma muna da inda za mu sami labari. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha, kuma halin Tekun Pasifik yana cikin abin da take dubawa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan. Labarin yana nan. Abin da ya rage shi ne ya iso ƙauye da harshen da manomi yake ji.

A nan ne nake ganin ekklesiya tana da aiki. Babu inda mutanen ƙauye suke taruwa kowane mako kamar majami'a. Bari kowace ekklesiya ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu ya nemo hasashen daga malamin gona, ya bayyana shi bayan sujada tun cikin bazara. In an ce damina za ta gajarta, mu nemi iri mai saurin nuna, gero da wake ɗan wuri, kada mu zuba dukan irinmu da ruwan fari, mu yi kunya a gicciye don ta riƙe ruwa. In an ce ruwa zai yi yawa, mai gona a fadama ya yi hattara, a gyara magudanai, a duba katangun ƙasa.

Abu mafi girma shi ne rumbun tsimi. Ciwonmu na kullum shi ne sayar da hatsi da araha da kaka, mu saye shi da tsada a watan Agusta. In kowane gida ya ba da mudu kaɗan a ranar godiyar kaka, zumuntar mata da dattawa su riƙe lissafi a fili, a ranta wa mabukaci da damina ya mayar bayan girbi, to shekara mai wuya ba za ta same mu hannu wofi ba. Ƙofar rumbun kuma ta zama a buɗe ga dukan mutanen gari, Kirista da Musulmi, gama yunwa ba ta tambayar addinin mai gida.

Ba mu da ikon sanyaya teku, ba mu kuma da ikon kiran hadari. Amma muna da kunne, muna da rumbu, muna da juna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon dattawan kowace ekklesiya su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, tun hatsi yana hannu. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hikimar tanadi.