Gizon da ke rufe ƙofarsa

Yara, kowa ya san Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. Amma akwai wani gizo-gizo wanda ba ya saƙa a bango. Rami yake ginawa a ƙasa. Yana shafe cikinsa da zare, sannan ya yi masa murfi da ƙasa da zare, kamar faifai a bakin tukunya. Da dare sai ya ɗaga murfin kaɗan, ya yi kwanto. In ƙwaro ya gitta, sai ya cafke shi, ya ja shi ciki, ya rufe. Akwai danginsa a Afirka da sauran ƙasashe masu zafi.

A shekarar 1974, a yammacin Ostareliya, wata malama mai suna Barbara York Main ta sa wa ramin wata ƴar gizo lamba 16. Shekara da shekaru ana zuwa duba ta. Ba ta taɓa sake gida ba. Ta mutu a 2016 tana da shekara 43, bayan wani irin zanzaro ya huda murfinta. Ku tambayi babanku shekarunsa, ku gwada!

Me ya sa ta daɗe haka? Raminta yana cikin ɗan dajin da aka bari ba a sare ba, tsakanin gonakin alkama. Garma ba ta bi ta kansa ba. Babbar gizo irin wannan, in aka rushe mata rami, da wuya ta gina wani.

Shi ya sa ba na jin daɗi in na ga ƴan makaranta suna tsokale kowane rami da tsinke. Wani zai ce: «Malam, gizo ba ya ba da nono, ba a cin namansa.» Gaskiya ne. Amma ƙwari yake ci, ba hatsinmu ba. Kuma ramin da ka sa yatsa, wataƙila na kunama ne.

Manoman Matamai da Magarya da Mirya sun bar gawo ya tsiro a gonakinsu tun wajen 1985, har ƙasar ta sake yin itatuwa. Ni a ganina ƙasan itacen ma a bar shi. Bana, ranar sharar gona, ku roƙi baba kada a sa wuta a gindin gawo. Bayan damina ku koma wurin, ku durƙusa, ku ƙidaya ramukan da kuka gani, ku kawo mini lissafin a aji.