Abuja da Yamai Na Gaba, Dillalan Ƙwaya Na Zumunci

Tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Tiani kan karaga a Yamai, gwamnatocin Najeriya da Nijar ba sa ga maciji da juna. An rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, har barazanar yaƙi an yi. A watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar, amma gabar tana nan. A ƙarshen Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ba a jima ba kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. A lokacin da iyakar take rufe, kayan gwari sun ruɓe cikin motoci, abinci da magani sun yi tsada, 'yan'uwa sun kasa zuwa jana'izar juna sai ta ɓarauniyar hanya. Ni dai mutumin wannan yankin ne, ina da dangi a Jibiya, ina da su a Maraɗi, kuma ban ji ranar da aka ce ƙwaya ta yanke a kasuwa ba, ko a nan ko a can.

Duk mai sammako zuwa tasha ya san abin da nake nufi. Ka tsaya wurin mai shayi bayan asuba, ka lura da matashin da ya zo da igiyar dako a kafaɗa. Zai karɓi kofi mai zafi, ya zaro kati daga aljihu, ya ɓalle ƙwaya biyu da babban yatsa, ya jefa, ya girgiza kofin, ya shanye a tsaye. Ba ya ɓoyewa, mai shayin ma bai ɗaga kai ba. Idan ka duba bakin kwata za ka ga katunan da aka yar, an rubuta 225 ɓaro-ɓaro a jikinsu, alhali tramol ɗin da hukuma ta amince likita ya rubuta wa majinyaci mai 50 ne ko mai 100. Ka tambayi yaron, zai rantse maka shi ba ɗan maye ba ne, don ƙarfin aiki yake sha. Kuma da gaskiyarsa a farkon lamarin. Haka 'yan ga-ruwa ke faɗa, haka 'yan acaba, haka masu haƙar zinariya daga dajin Zamfara har zuwa Jado a arewacin Agadas. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana kumfar baki, a gida a ce iskoki ne, a nufi wurin mai ruƙiyya. Farfaɗiya tana cikin sanannun illolin shan tramol fiye da ƙima.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 irin su tramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Wannan lissafin ya tsufa, an yi shi kafin cire tallafin mai da tsadar rayuwar da ta biyo baya.

To daga ina ƙwayar take zuwa? Ba a Ɗan Isa ake yin ta ba, ba kuma a Illela ba. Mafi yawanta daga Indiya take tasowa, cikin kwantena, da takardu da hatimi, ta sauka a Apapa ko Onne ko Kwatano ko Lome. Wata a rubuta cewa wucewa kawai za ta yi zuwa Nijar, tunda ƙasar ba ta da teku. Da ta isa sai a rarraba ta: kashi ya dawo Najeriya a kan babura ta hanyar da shinkafa 'yar waje ta saba bi, kashi ya nausa arewa ta Agadas zuwa Libiya. Wadda ta sauka a Legas kuma takan haura arewa ta tsallaka Konni ko Damagaram. Kafin kati ɗaya ya kai hannun ɗan dako, ya ratsa ƙasa uku ko huɗu, kuma a kowace akwai wanda ya karɓa, ya adana, ya miƙa gaba ba tare da an yi masa gardamar siyasa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saurin da suke canza salo. A 2018 Indiya ta sanya tramol cikin magungunan da take sa wa ido sosai. A farkon watan Mayun shekarar, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Aka yi ta tafi. Su kuwa masu sana'ar sai suka koma haɗa tapentadol da carisoprodol a ƙwaya ɗaya, suka buga mata sunaye irin su Tafrodol da Super Royal, suka bar lambar 225 ɗin da masu saye suka saba gani. Haɗi ne da ba a ba shi lasisi a ko'ina ba. An shafe shekaru ana sayar da shi a Kano da Tamale da Abijan kafin wani binciken BBC a Fabrairun 2025 ya sa Indiya ta dakatar da yin sa. Wato sau biyu 'yan jarida ne suka tashi hukumomi daga barci.

Ba ƙwaya kaɗai ke bin wannan hanya ba. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta Nijar mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a wani sito a Yamai, wanda ya taso daga Labanan, ya sauka a Lome, zai tafi Libiya. A Janairun 2022 an kama hodar iblis fiye da kilo 200 a motar magajin garin Fashi na Nijar. A Satumbar shekarar hukumar NDLEA ta Najeriya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bankaɗo tan 1.8 na hodar a Ikorodu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce hodar iblis da ake kamawa a ƙasashen Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Tsohuwar magana ce cewa inda kaya ke wucewa, nan ma ana ɗanɗanawa. Kwamitin nazarin miyagun ƙwayoyi da Obasanjo ya shugabanta ya yi wannan gargaɗi tun 2014.

Ba na rage wa NDLEA komai. Tun da Buba Marwa ya karɓi ragamarta a Janairun 2021 ta farfaɗo, kusan kowane mako sai an ji kamu. Amma ni ma'aunina ɗaya ne: nawa ake sayar da kati a tasha, kuma minti nawa yaro zai yi kafin ya samu? Muddin kuɗin wuni ɗaya na tura baro ya isa ya saya har ya rage na abinci, to abin da ake kamawa bai taɓa jikin kasuwar ba. Shingayen da aka jera a kan hanyoyinmu na iyaka kuwa, kowane direba ya san abin da ake nema a wurinsu, kuma ba takardar kaya ba ce.

Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta gonaki ne da daji, gero a wannan gefen, gero a wancan. Babu adadin jami'an da zai tsare ta. Shugaba Buhari ya gwada rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga iyakar abin da hakan ya haifar. Abin da ke kama babban dillali shi ne labari: jami'in da ke Maraɗi ya ɗaga waya ya gaya wa na Katsina lambar mota, na Kwatano ya sanar da na Gaya ta Nijar cewa ga kwantena ta taso, a kuma daidaita doka ta yadda abin da aka haramta a nan ba zai zama halal da an tsallaka can ba.

Na san abin da wasu za su ce, ta yaya za a ba da bayanan sirri ga gwamnatin Nijar da shugabanta ya fito a Disambar 2024, da Hausa ma kuwa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa? Can ma za su ce ta yaya za su amince da waɗanda suka yanke musu wuta? Amsata ita ce, ba wanda ya ce a haɗa sirrin soja. Lambar tirela da sunan mai sito ba sirrin ƙasa ba ne. Kuma ƙwayar da 'yan bindiga ke haɗiya kafin su afka wa ƙauye a Batsari ita ce suke haɗiya kafin su afka wa na Madarunfa.

Ba ma sai an jira ECOWAS ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, shekara huɗu kafin a haifi ECOWAS ɗin, hedkwatarta kuma tana Yamai. Da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je can a Afrilun 2025, ita ce aka yi maganar farfaɗowa. To a sa NDLEA da OCRTIS da jami'an kwastan na ɓangarorin biyu su zauna a ƙarƙashinta, su ajiye wakilai a Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba. Gwamnonin Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi, ku da sarakunanku kuna da bakin magana da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso fiye da kowane jakada. Ku matsa a yi wannan zama kafin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara ɗaukar kaya.