Ko ƴar talla tana sallama kafin ta shigo



Shekaranjiya da dare a fadarmu nan Tasawa, muna jiran shayi na biyu ya nuna, sai na ce kowa ya fiddo salularsa ya ƙirga saƙonnin da suka shigo masa tun asuba. Mu bakwai ne kan tabarmar. Mai mafi ƙaranci ya samu biyar, wani ya ƙirga har goma sha ɗaya ya gaji. Duk cikin tarin nan, saƙo biyu kacal ne mutum mai rai ya rubuto wa ɗan uwansa. Saura kuwa kun san su: sayi forfe kaza ka samu bonus, sa waƙa ga masu kiranka, amsa tambaya ka ci babur, zuba kuɗi kan wasan ƙwallon daren yau. Aka yi ta dariya. Wani ma cewa ya yi kamfanin waya ya fi budurwarsa tunawa da shi.

Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba, don na san abin da wannan ƙara ta jawo a gidanmu.

Innarmu tana ƙauye, can wajen Kanan Bakashe cikin Mayahi. Ba ta yi lakwal ba. Wayarta ƙarama ce, irin mai madannai da tocila, kuma aikinta biyu ne: ta ji muryar ƴaƴanta, ta kuma karɓi lambar kuɗin da ƙanena ke turowa daga wajen haƙar zinariya a arewacin Agadas. In ya samu ya je ajans ya tura, sai ya rubuto lambar a saƙo, tunda rezo a can ba ya barin doguwar magana. Don haka duk lokacin da wayar ta yi ƙara, Inna sai ta aje abin da take yi, ta yafa mayafi, ta taka har bakin gari wajen yaron da ke cajin wayoyi, shi ne mai karanta mata. Yaron ya duba ya ce, "Inna, ba kuɗi ba ne, cewa suka yi ki sayi mega." Ta ce, "Mega kuma mi ne ne?" Ta juyo gida. Gobe haka, jibi haka. Tsohuwa ce mai kunya, ta fara jin kamar ta zama abin dariyar samarin da ke zama wurin. Sai ta daina zuwa.

A damanar bara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai kai ba, saƙon gaskiya ya shigo. Jika ashirin. Ya yi kwana huɗu cikin wayar ba wanda ya buɗe, a tsakanin tallan waƙa da tallan tombola. Cikin kwana huɗun nan Inna ta je ta ci bashin tiya biyar ta hatsi wajen ɗan kasuwa, irin bashin nan da kowa ya san yadda ake biyansa da kaka. Kuɗinta na zaune suna jiranta, ita kuma tana roƙo. Sai da ƙanena ya samu rezo ya kira ni, ni kuma na kira ta, sannan aka gane.

Shi ya sa in wani ya ce mini "to ka goge mana, mi ya yi zafi?" nakan ji raina ya ɓaci. Kai da ka yi lakwal, kake riƙe da babbar waya, gogewa ba ta ɗaukar maka daƙiƙa biyu. Amma a ƙasar nan wajen mutum biyu cikin uku na manya ba su karanta boko, kuma saƙonnin nan da Faransanci suke zuwa. Tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke aiki da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, amma har yau abin da zai ci kuɗin tsohuwa a Urafan ko Korgom ba ya zo mata da harshen da take ji. Ga ƙaramar waya da ke cika da wuri: in tallace-tallace suka cika ta, saƙon ɗanka ba shi da wurin sauka. Ga caji da ake biya, don ba kowane gari ne ke da wutar Nigelec ba.

Wannan duk ɓata lokaci ne da wahalarwa. Akwai wanda ya fi shi muni, shi ne cin kuɗi.

Da na je gida bayan abin nan, na ɗauki wayar Inna na duba. Na lura duk kuredin da nake tura mata, dala ɗari ko ɗari biyu, ba ya daɗewa. Ita kuma ba ta kiran kowa, mu ke kiranta. Ashe kullum ana cire mata 25F, dala biyar, wai ta yi abonema na labarin ƙwallon Turai. Innarmu! Wadda ba ta taɓa zama ta kalli ƙwallo ba tunda aka haife ta. Na kira lambar ƙorafi ta kamfanin (ba zan kama suna ba, don abokaina masu wasu layukan sun ba ni irin labarin), na jira har kunnena ya yi zafi, wata baiwar Allah ta ɗauka cikin ladabi ta ce mini na'urarsu ta nuna mai layin ce ta amince da kanta. An cire abonema ɗin. Kuɗin da aka ci kuwa, shiru.

Kuma ba ƙarya ta yi ba, Inna ta danna. Ga yadda abin yake, don a daina cewa asiri ne ko iska. Akwai irin saƙon da ba ya shiga akwatin saƙonni, kai tsaye yake fitowa ya rufe fuskar waya, ƙasansa an rubuta OK a gefe guda, Annuler a ɗaya gefen. Mai son kunna tocila ko amsa kira zai danna duk abin da ya saba dannawa don rubutun ya kauce. Dannawa ɗaya, shi ke nan ka shiga, kuma abin yana sabunta kansa kowace safiya muddin akwai kuredi. Sau da yawa ma ba kamfanin wayar ne ke haɗa waƙar ko labarin ƙwallon ba, wasu ƙananan kamfanoni ne, amma ta hanyarsa kuɗin ke bi, kuma raba riba suke. Su kuma saƙonnin talla ana tura su ne dubbai a lokaci guda daga kwamfuta, da suna a sama maimakon lamba, shi ya sa ko ka so ka mayar da amsa ka ce "ku bar ni", babu inda amsar za ta je.

Dala biyar ba kuɗi ba ne a idon ɗan birni. To mu yi lissafin ƴan lakwal. 25F sau kwana 30 ya ba da 750F a wata, daga aljihun mace ɗaya. A ce, misali kawai, mutum 100.000 ne a faɗin ƙasa aka kama da irin wannan dannawa: miliyan biyu da rabi kenan kowace rana. Ba wanda zai hau mota daga Mayahi zuwa Maraɗi ya kai ƙara kan dala biyar, kuɗin motar ma ya ninka abin da aka ci sau nawa. Masu tsara abin sun san haka sarai.

Ban ce talla haramun ce ba. Mu Hausawa da talla muka tashi. Amma ƴar talla in ta zo da tuwon madara ko dafaffiyar gujiya, daga ƙofar gida take ɗaga murya, ta yi sallama, in an ce "ba mu saye" ta wuce. Ba ta kutsa kai ɗakin mutum da ƙarfe ɗayan dare. Ba ta sa hannu cikin aljihunka ta ɗauki dala biyar ta aje maka gujiyar da ba ka nema ba, sannan ta ce ai ka gyaɗa kai. Na kuma yarda akwai masu son jin labarin bonus, ni kaina na sha cin moriyarsa ranar da aljihu ya bushe. To wanda ke so a tambaye shi, ya ce e, a riƙa tura masa. Wanda bai ce e ba a ƙyale shi. Iyakar maganar kenan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan ɗabi'a ta buɗe wa ƴan damfara ƙofa. Mutumin da ya saba kullum ana ce masa "ka ci kyauta", ranar da ɓarawo ya rubuto masa cewa ya ci mota amma ya fara turo jika goma na takardu, ta yaya zai bambance? Duk kamanninsu ɗaya. A ɗaya gefen kuma, waɗanda suka gaji sun daina karanta komai. Ranar da hukuma za ta turo gargaɗin ruwa mai yawa, irin ambaliyar da ta yi mana ɓarna a jihar Maraɗi a 2024, ko sanarwar rigakafin yara, ko ɓullar kwalara, saƙon zai tarar da mutane sun riga sun koyi gogewa ba tare da dubawa ba.

Kada wani ya ce mana babu yadda za a yi. Maƙwabtanmu na nan kusa, waɗanda ƴan uwanmu ke zuwa ci-rani wajensu Katsina da Kano, sun sha irin wannan wahala har hukumar sadarwarsu, NCC, ta tilasta wa kamfanoni buɗe lamba guda tun watan Yulin 2016: ka rubuta STOP ka tura zuwa 2442, a daina turo maka talla, kyauta, ko wane layi kake riƙe da shi. Suna kuma da 622 ta kai ƙarar kamfani wajen hukumar in ya ƙi sauraronka. Ba na cewa komai ya gyaru a Najeriya, duk wanda ya zauna can ya san har yanzu ana kuka. Amma talaka ya san lambar da zai danna. A Faransa ma, inda muka kwafo yawancin dokokinmu, akwai 33700 ta kai rahoton saƙon banza.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Muna da ARCEP, hukumar da aka kafa a 2018 a madadin ARTP don ta sa ido kan Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms. Ta nuna tana da haƙora in ta ga dama: a 2017, tana ARTP, da kuma 2023, ta ci tarar kamfanonin nan miliyar-miliyar na sefa saboda rashin ingancin rezo. Muna da HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, wadda ta ba kowa ƴancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda ta ce kada a yi wa mutum talla kai tsaye ta na'ura sai da yardarsa tun farko. Lambar wayarka bayaninka ce. Da aka ce kowa ya kawo katin ɗan ƙasa a yi rajistar layi, mun yi jerin gwano a rana mun ba da, don an ce mana batun tsaro ne. Ba mu ba da don masu caca su san inda za su same mu ba.

Matsalar ita ce duk waɗannan ofisoshi suna Yamai, takardunsu da Faransanci, mu kuma muna nan muna gunaguni a fada, shayi na ƙarewa kowa ya tashi. Ni abin da nake nema ga ARCEP bai da yawa. Lamba ɗaya gajera, kyauta, mai aiki a kan dukan layuka, wadda za ta tsayar da talla kuma ta nuna wa mutum duk abonema da ke cin kuredinsa. A yi shelarta da Hausa a gidajen rediyon gari, yadda tsohuwar da ba ta karatu za ta ji ta haddace. Kada a ƙara sa kowa cikin abin biya da dannawa ɗaya, sai an sake tambayarsa karo na biyu an gaya masa kuɗin a fili. Wanda aka ci wa kuɗi ba da saninsa ba a mayar masa, ba "mun cire, yi haƙuri" kawai ba. Tallan caca kuwa, wanda ke faɗawa har wayoyin yaran koleji, wannan maganar wata rana ce, kuma doguwa ce.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Hukuma ba ta aiki da "an ce", takarda take so. Duk wanda aka cire wa kuɗi ya ɗauki hoton saƙon, ya rubuta rana da adadin. Ya kira kamfanin, ya rubuta ranar da ya kira da abin da aka ce masa. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya turawa ƙarƙashin tebur, amma ƙorafi ɗari biyu daga Tasawa da Mayahi, da hotuna da ranaku, an haɗa an kai wa ARCEP da HAPDP da ƙungiyoyin kare masu saye, wannan sai an amsa shi. Kuma don Allah duk wanda zai je gida wannan mako, kafin a kawo maka fura, ka karɓi wayar tsohuwarka da ta tsohonka ka duba abin da ke ciki. Mu da muka yi karatu da kuɗin hatsinsu, wannan ko kaɗan bai yi yawa ba.

Ni na riga na fara tara nawa, hotuna goma sha huɗu cikin mako biyu. Inna kuwa mun yi yarjejeniya da ita: kada ta ƙara takawa bakin gari don ƙarar saƙo, in kuɗi ne za mu kira ta da baki. Bashin tiya biyar ɗin an biya shi da kaka, tiya takwas.