Gunkin Da Ba A Sassaƙa Ba

Idan aka ce gunki, yawancin 'yan'uwanmu Kiristoci 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun sai hankalinsu ya koma kan dodo da tukwanen tsafin da kakanni suka bari a ƙauye. Wannan kam an rabu da shi tuni. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda yakan shigo da rigar alheri.

Duk mai karatun Littafi Mai Tsarki ya san labarin macijin tagulla. A Littafin Ƙidaya sura 21, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera shi, ya ɗaga shi bisa sanda, domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Amma a 2 Sarakuna sura 18, watau bayan shekaru ɗaruruwa, sai ga Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har dai Sarki Hezekiya ya farfashe shi. Tagullar tana nan yadda Musa ya bar ta, zukatan jama'a ne suka sauya.

To, mu dubi namu. Ginin majami'a abu ne mai kyau, balle ga baƙin da suka gaji da yin sujada a ajin makaranta na aro. Amma fa mun ga inda aka shekara ana wa'azin siminti da kwanon rufi, ana kiran sunayen masu baiko mai tsoka ana tafi, alhali kuwa ga gwauruwar wani maigadi can a bencin baya ba ta da kuɗin motar mai da 'ya'yanta gida. Mun kuma ga dattawa biyu sun daina gaisawa saboda riƙon littafin kuɗin gini, kowannensu kuwa yana rantsuwa aikin Ubangiji yake karewa. Shi ya sa wannan gunki yake da wuyar ganewa, domin mai shi ba ya jin kunya, yabo ma yake sha.

Har wa yau akwai son ɗan gari. Harshen Hausa ne ya tara Tangale da Bajju da Bachama a sujada ɗaya a nan Kudu, sa'an nan ranar zaɓen dattawa kowa ya shiga neman nasa.

Mu dai a ganinmu ba sai an rushe gini ba. Muna roƙon fastoci da dattawa, a taronsu na gaba, su buɗe littafin kuɗi gaban ikilisiya, su karanta nawa aka kashe kan bango, nawa kuma ya kai hannun gwauraye da marayu da marasa lafiya.