Ta Yi Iyo Domin Kogin Da Shanunmu Ke Sha



A shekarar 2023 wata matashiya 'yar Ghana mai suna Yvette Tetteh ta faɗa ruwa a Buipe, garin da kowannenmu ya san karar shanunsa. Ta dinga iyo rana bayan rana, jirgin ruwa na biye da ita, har ta fita a Ada inda kogin Volta ya shiga teku. Kilomita 450 ta yi, cikin kwana 40 na iyo. Da labarin ya iso kara, wasu sun yi dariya, suka ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Mu dai ba mu yi dariya ba.

Abin da ya kai ta shi ne dattin gwanjo. Wata ƙungiya mai suna Or Foundation, wadda ta shirya tafiyar, ta ce tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akra kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Da yawansu yadin roba ne, ba ya ruɓewa, sai dai ya ɓarɓashe ya bi ruwa. Don haka duk inda suka tsaya sai sun ɗebi ruwa a kwalba domin a auna. Da ta fito, gidajen rediyo da jaridu har na ƙasashen waje suka ɗauka.

To mu fa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wane ne ya fi makiyayi sanin wannan kogi? Mun san mashayar da ta ƙafe, mun san wadda masu galamse suka dama ta koma kamar kunu. Mun san saniyar da ke kiwo amma kullum ramewa take, a yi allura a banza, a ƙarshe a sayar da ita da asara. Sai a kwata mahauci ya farke tumbi ya zaro dunƙulen leda da tsumma da igiya, ya jefar a kwalbati. Kowa ya ce Allah ya kyauta, a watse. Tafiyar da yaranmu ke yi a ƙasa da rani ta fi tata nisa, amma babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ranar da aka zauna taro a kan ruwa kuwa, sunan da ake fara kira shi ne namu: wai shanu ne ke ɓata kogi. Mu je hannu rabbana, ba takarda, ba shaida.

Amma laifi tudu ne. A zaga kara ranar kasuwa da yamma a ga ledar ruwan sha da muka zubar, a nan dabbobinmu ke kwana. Akwai kuma masu wanke jarkar maganin kaska a bakin mashaya, inda mata ke ɗiban ruwa kuma masunta ke jefa koma. Wannan ba baƙo ya yi mana ba, kuma shi ke jawo mana faɗa da mutanen gari.

Ba mu ce kowa ya tuɓe ya faɗa kogi ba, yawancinmu ko rafi ba ma iya ƙetarewa sai mun kama wutsiyar sa. Roƙonmu ga sarakunan pawa shi ne duk tumbin da aka samu leda a ciki a ɗora ta a sikeli, a rubuta nauyi da rana da inda dabbar ta fito, malamin dabbobi ya sa hannu. Ardo-ardo kuma su riƙa aiko mana sunan duk mashayar da ta lalace da watan da aka lura. Ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ya isa. In ya cika, shi za mu ɗauka mu kai gaban majalisar gunduma.